Kayan Shiga Gona: Zaɓen Sutura da Ƙananan Kayan Aiki na Aljihu

Gabatarwa

A duk shekara idan damina ta ƙarato, manomi yakan zauna ya yi lissafin iri da taki da maganin ciyawa da kuɗin 'yan ƙwadago. Abin da ba kasafai yake shiga wannan lissafi ba shi ne abin da shi kansa zai sa a jikinsa, da abin da zai zuba a aljihu ko a jaka kafin ya kama hanya. Yawanci tsohuwar rigar da ta gaji da zaman gida ita ake mayarwa ta gona, a haɗa da silifa, a saɓa fartanya. Malamin gona kuma sau da yawa yakan iso da takalmin ofis da wayar hannu kawai, sai an zo auna tazarar shuka a shiga neman kara.

An shirya wannan darasi ne domin malaman gona da manoman da suke aiki tare da su, musamman a jihohin Neja, Kwara, Kogi, Nasarawa, Binuwai, Filato da Taraba, da kuma masu noman lambu da shinkafa a fadamun kudu. Hanyar zaɓen guda ce: a dubi aikin da za a yi a ranar, a dubi haɗarin da ke cikin wannan gonar, sannan a ɗauki abin da ya dace da su. Kayan mai dashen shinkafa a cikin taɓo daban ne da na mai feshin masara a tudu.

A fara daga ƙafa

Idan abu ɗaya kawai manomi zai iya saya a bana, to ya sayi takalmin roba mai tsawo, wanda ya kai kusa da gwiwa. Dalili na farko shi ne maciji. A kwarin kogin Binuwai da ƙasashen da ke kewaye da shi, kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kowane maciji sarar mutane da halaka su. Ƙarama ce, da wuya ta wuce santimita 60, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, kuma takan kwanta a ƙarƙashin tarin ciyawa ko dami ko tsakanin duwatsu, wato daidai inda manomi yake jefa ƙafa da hannu. Mafi yawan sara a ƙafa yake samun mutum, daga tafin ƙafa zuwa ƙwauri, sai kuma hannu lokacin kwashe ciyawa ko ɗaga dami. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe da cibiyar lafiya ta Zamko a ƙasar Langtang ta jihar Filato sun fi ganin marasa lafiya a lokutan shuka da noma da girbi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Takalmi ba ya hana kowane sara, amma roba mai kauri, da safa a ciki, da wando mai kauri a samansa, sukan tare haƙorin ƙaramin maciji ko su rage abin da zai shiga jiki.

Tunda haka ne, wajibi ne malamin gona ya san abin yi idan an yi sara duk da takalmin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya ganin kamar abin ya lafa, sai daga baya jini ya fara fita daga dasashi ko a cikin fitsari ko daga wani tsohon ciwo. Kada a ɗaure ƙafa da igiya ko roba, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kuma kada a ɓata lokaci wajen manna baƙin dutse. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya taso, a tallafe ƙafar da sanda kamar yadda ake yi wa karaya ba tare da an matse ta ba, a ɗauki mutum a babur ko mota zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ba kowane asibiti ke da ita ba. Sunan wanda ke da ita a yankin, da lambar wayarsa, su ne ya kamata su zama rubutu na farko a littafin aljihun malamin gona. Idan kumurci ne ya tofa wa mutum dafi a ido, a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, sannan a tafi asibiti.

Dalili na biyu shi ne ruwan fadama. Ƙwayar cutar tsargiya tana fitowa ne daga wasu ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu sosai, kamar kwatamin ban ruwa da fangalin shinkafa da tafki, ta ratsa fatar mutum ba tare da ya ji ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a fitsari ko a bayan gida. Haka nan akwai tsutsar ciki mai shan jini wadda ke shiga ta tafin ƙafa daga ƙasa mai laima. Ga ƙaya da kututture da tsohon ƙarfe, waɗanda sukarsu kan buɗe ƙofa ga cutar sarƙewar haƙora.

Manoman shinkafa suna da uzuri, kuma uzurin gaskiya ne. Takalmin roba yana maƙalewa a taɓo, mutum ya ɗaga ƙafa takalmi ya rage a baya, kuma yana da zafi. Na ga fadamu da yawa inda aka jera takalma a bakin kunya aka shiga ruwa da ƙafa. Abin da muke ba da shawara shi ne, don aikin dashe a nemi takalmin roba mai laushi wanda ya kama ƙwauri, ko a ɗaure wuyan na yau da kullum da robar tayar keke ba tare da an matse jijiya ba. Inda hakan ya faskara, a rage zaman da ake yi cikin ruwa, a wanke ƙafa da sabulu a goge da zarar an fito, a kuma karɓi maganin tsargiya idan ma'aikatan lafiya sun zo rabawa, domin wankin kaɗai ba ya wadatarwa. A kan kunya da hanyar gona da lokacin yankan shinkafa kuwa, babu uzurin tafiya ba takalmi.

Wajen saye, a lanƙwasa takalmin a wurin yatsu a duba. Idan ya nuna fari ko tsagewa, robar ta bushe, ba za ta kai ƙarshen damina ba. A zaɓi mai tafi mai kauri da zane mai zurfi don santsi. A gwada shi da safa a ƙafa, ya kasance akwai ɗan sarari a gaban babban yatsa. Idan an kai gida a tsoma shi a bokitin ruwa a ga ko yana yoyo. A riƙa ajiye shi a inuwa, a kife a kan sanda, kuma a kakkaɓe shi kowace safiya kafin a zura ƙafa, saboda kunama.

Riga da wando da hula

Yadin auduga mai ɗan kauri, irin na kaki, shi ya fi dacewa da aikin gona a ƙasar zafi. Yana shan gumi, iska na ratsa shi, kuma idan tartsatsin wuta ya faɗa masa ba ya narkewa ya manne a fata kamar yadin roba. A kasuwar gwanjo ana samun irin waɗannan riguna da wanduna masu ƙarko da araha, sai dai a duba ɗinkin hammata da na tsakanin ƙafa da bakin aljihu, domin nan suke fara yagewa. Riga ta kasance mai dogon hannu, wando ya sauko har idon sawu. Ganyen masara da rake da shinkafa suna yankan fata, ƙaiƙayi yana sa susa, susa kuma tana zama gyambo a damina.

Launi ma yana da muhimmanci. Ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi, shi ya sa tarkon da ake kama shi da shi ake yin sa da waɗannan launuka biyu. Wanda gonarsa ke bakin kurmi ko rafi mai duhuwa ya zaɓi ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske, waɗanda kuma ba sa tara zafin rana kamar baƙi. A bakin kogunan da ke gudu a kan duwatsu akwai ɗan baƙin ƙuda da ke kawo cutar makanta, yana cizo da rana, kuma ƙafafu ya fi nema, don haka naɗe wando zuwa gwiwa a irin wannan wuri ba dabara ba ce. A guji kayan gwanjo masu dabbare-dabbare irin na soja komai ƙarfinsu. Doka ta hana farar hula sanya kakin soja, kuma a halin tsaron da ake ciki irin wannan riga na iya jawo wa mutum abin da bai yi zato ba, a shingen bincike ko a daji.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba, shi ne tufafi masu lilo a kusa da inji. Bel ɗin injin casa da na niƙa, da sarƙar babur, ba sa jiran a janye gefen riga. Babbar riga da rawani da dogon mayafi ba na wurin inji ba ne. Ga mata, waɗanda su ne suka fi yawa a wurin sussuka da shiƙa da sarrafa amfanin gona, ni abin da nake yi shi ne dogon wando a ƙarƙashin riga mai sauka zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ake cusa bakinsa a cikin wuyan riga. Sutura ta cika, kuma babu abin da ke reto. Wadda ta fi son zane ta ɗaura shi a kan wando, ta tamke shi sosai, kada ta bar haɓarsa tana ja.

Malfa mai faɗi ta fi hular hana-salla, domin tana rufe ƙeya da kunnuwa, kuma iska na shiga ta saƙarta. A sa mata igiya a haɓa. Rigar ruwa mara nauyi wadda ake ninkewa a jaka tana da amfani ga malamin gona mai yawo a babur daga watan Mayu zuwa Oktoba, amma ba a yin aikin ƙarfi a cikinta, domin tana dafa mutum.

Ranar feshi

Kayan feshi daban ake ware su, ba a zuwa kasuwa ko masallaci da su, ba a kuma ɗaukar yaro da su a jiki. Manoma da yawa sun ɗauka cewa maganin feshi sai an sha ko an shaƙa yake cutarwa, shi ya sa za ka ga mutum ya ɗaure hanci da ƙyalle amma yana feshi da gajeren wando. Alhali ga mai feshi da injin goyo, fata ita ce babbar ƙofar da magani ke bi ya shiga jiki, kuma fatar goshi da ta kai da ta matsematsi sun fi ta hannu saurin shan sa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na buɗe kwalba da awo da haɗawa, domin a nan ne maganin yake da cikakken ƙarfinsa, ba a sirka shi ba.

Safar hannu ta zama ta roba mai kauri, mara shafin yadi a ciki, wadda ta haura wuyan hannu sosai. Ta yadi da ta fata suna tsotse magani su riƙe shi a jikin mutum yini guda, gara ma babu su. Siririya irin ta asibiti tana yagewa da wuri. Idan ana feshi a ƙasa, hannun riga ya rufe bakin safar; idan ana ɗaga hannu sama, kamar feshin mangwaro ko lemo ko kashu, sai a cusa hannun rigar a cikin safa. Ƙafar wando kullum a waje take, ta rufe wuyan takalmi. Wanda ya cusa wando a cikin takalmi ya yi wa magani mazurari zuwa ƙafarsa. Takalmin feshi kada ya zama na fata ko na yadi, kuma hular feshi ta zama wadda ake iya wankewa, domin malfa tana riƙe magani. A sa gilashin kare ido lokacin haɗawa. Takunkumin yadi ko na takarda yana tare ƙura da ƙaiƙayi a wurin sussuka, amma ba ya tare tururin magani, kuma idan ya jiƙe da feshi ya zama guba a bakin hanci. Maganin da takardarsa ta nemi takunkumi na musamman, a nemi irin wanda ta faɗa. A dubi zanen launi da ke gindin kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A tabbatar akwai lambar rajistar NAFDAC.

Injin goyo yakan yi yoyo ta murfi ko ta mahaɗar tiyo, ya jiƙa baya da ƙugu, mai feshi yana zaton gumi ne. Wata shekara a filin gwajinmu wani matashi ya yi feshin maganin ciyawa tun safe har hantsi da irin wannan inji, da yamma fatar bayansa ta yi ja ta saɓule, ya yi kwanaki bai iya sa riga ba. Robar murfin ce ta tsage, abin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Tun daga nan ba ma barin kowa ya goya inji sai an gwada shi da ruwa zalla, kuma sai ya sa leda mai kauri a bayansa. Buhun taki da aka wanke, aka huda wurin kai da hannuwa, yana yin wannan aiki.

A aljihun mai feshi a samu robobin mahaɗa na canji, da kan feshi guda na ajiya, da tsohon buroshin haƙori. Idan kan feshi ya toshe, kada a hura da baki, kada kuma a zura allura ko ƙusa, domin ramin zai faɗaɗa, ruwan da ke fita ya ƙaru, awo ya lalace. A wanke da ruwa a goge da buroshi. A tafi da sabulu da jarkar ruwan wanke hannu dabam da na sha. Ba a cin goro ko shan taba ko cin abinci ana cikin feshi. Idan an gama, a wanke safar hannu tun tana hannu kafin a cire, a yi wanka, a wanke kayan su kaɗai a bokitinsu, a shanya a rana.

Kayan awo

Waɗannan su ne suka fi kowane kaya araha, kuma su ne suka fi mayar wa manomi da kuɗinsa. Na farko shi ne kofin awo mai lambobin mililita, da sirinji mara allura mai mililita 10 ko 20 don ƙananan awo. Murfin kwalba da gwangwanin madara ba girmansu ɗaya ba. A ɗauki misali: mai feshin da ke zuba lita 200 na ruwa a hekta, da inji mai lita 16, zai yi tanki 12 da rabi. Idan takardar magani ta ce lita 4 a hekta, kowane tanki mililita 320 ne. Idan da gwangwani yake awo yana zuba 400, ya ƙarar da lita 5 a inda 4 ta isa, ya yi asarar lita guda a kowace hekta, kuma yana iya ƙona shuka. Idan ya gaza kuma ciyawa ba ta mutu ba, ya sake saye. Don sanin yawan ruwan da mutum ke zubawa, a auna fili mita 10 tsawo mita 10 faɗi, a fesa shi da ruwa zalla da tafiyar da aka saba, a auna abin da ya ragu a tanki, a ninka abin da aka zuba sau 100. Lita 2 a wannan fili ita ce lita 200 a hekta.

Na biyu shi ne igiya mai ƙulli da sandar awo. Sanda mai tsawon santimita 75, an yi mata tsaga a kan 20 da 25 da 50, ta isa yawancin aikin shuka. Masara a tazarar santimita 75 tsakanin layi da 25 tsakanin rami, tsiro ɗaya a rami, tana ba da kimanin tsiro 53,000 a hekta. Idan aka bar wa ido da taku, tazarar ta koma 90 da 30, tsiro 37,000 za a samu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi tun ranar shuka, alhali taki da noma da kuɗin haya duk na cikakkiyar hekta za a biya. Shinkafar dashe a santimita 20 da 20 gindi 250,000 ne a hekta, rogo a mita ɗaya da mita ɗaya kuma 10,000. Malamin gona ya riƙe tef na mita 5 a aljihu, da na mita 30 ko 50 a jaka. Igiyar roba tana miƙewa idan ta tsufa, a riƙa gwada ta da tef a farkon kowace damina.

Wayar hannu ta zamani tana iya auna girman gona idan aka zagaya iyakarta da ƙafa, kuma wannan ya warware gardama da yawa, domin sau da dama gonar da mai ita ke kira hekta ba ta kai ba. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi. A ƙaramin fili awon waya yakan yi kuskure, a koma ga tef. A sa wayar a leda saboda ruwa da gumi, kada kuma a taɓa ta da safar feshi.

Wuƙa, madubi da littafi

Wuƙa mai ninkewa, wadda ke kullewa idan an buɗe ta, ita ta fi dacewa da aljihu. Da ita ake tsaga kara a ga tsutsa, a tono saiwa a duba ruɓa, a yanke igiya. Doguwar wuƙa mai kube a ƙugu tana jawo tambaya a hanya, kuma ba ta yin abin da adda ba ta yi. Kaifi shi ne sharaɗi, don haka magagari ko dutsen washi ya kasance a jaka. Sandar rogo ta shuka ana yanka ta santimita 20 zuwa 25 da gaɓa biyar zuwa bakwai, kuma dakusasshiyar adda tana farfasa bakin, ruɓa ta shiga. Haka nan hanyar yawaita irin doya da ƙananan yanka, wadda cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike da cibiyar IITA ta Ibadan suka yaɗa tun shekarun 1980, tana buƙatar yanka mai santsi, kowane guntu gram 25 zuwa 50 da ɓawonsa. Wuƙa tana ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka. Idan an yanki mara lafiya, a tsoma ta a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ko a ratsa ta a wuta, kafin a taɓa wata. Bilic yana sa tsatsa, don haka a ɗauraye da yamma a shafa mai. Wuƙar auren itatuwa a ware ta don wannan aiki kaɗai. Wuƙar da aka farke ledar magani da ita kuwa, ba a fere mangwaro ko doya da ita.

Ga malamin gona, ɗan madubin ƙara girma mai ninki 10, wanda ake ratayawa a wuya, ya zama wajibi tun da baƙuwar tsutsar masara ta bayyana a ƙasar nan a 2016. Ƙwanta a dunƙule yake a kan ganye, lulluɓe da wani abu kamar gashin auduga. Idan ta girma ana gane ta da alamar Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Ana bin gona a karkace kamar harafin W, a tsaya wuri biyar, a duba tsiro goma a kowane wuri, a rubuta nawa ne suka kamu. Wanda ya gan ta tana ƙarama ya sami saukin kashe ta. Idan ta girma ta shige can cikin tsakiyar masara, magani da ƙyar yake kai mata. Samfurin ganye da za a kai cibiya a sa shi a ambulan na takarda, domin a leda yana gumi ya ruɓe kafin a isa. Ƙwaro kuma a ƙaramar kwalba.

Littafin aljihu mai bango mai tauri, da fensir. Biro yana zuba a zafi, rubutunsa yana wankewa a ruwa. Na taɓa rasa sakamakon gwajin iri na damina guda saboda an rubuta alamun filaye da biro, ruwan sama na farko ya shafe su, muka rasa wane iri ne a wane layi. Manomi ya rubuta sunan iri, ranar shuka, ranar zuba taki da yawansa, ranar feshi da sunan magani. Ranar feshi tana da muhimmanci ga masu tumatir da kuɓewa da alayyafo, domin kowane magani yana da kwanakin jira kafin a tsinki amfani a kai kasuwa, kuma ba a ƙirga su da ka. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, ko ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa.

Sauran kayan jaka

Ruwan sha, a gora ko jarkar da ba ta taɓa ɗaukar magani ba. Galan ɗin maganin feshi ba ya wankuwa har ya zama na sha, komai yawan ɗauraya. Ana ɗauraye shi sau uku ne a zuba ruwan a tanki, sannan a huda shi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a kwarin Neja da Binuwai, a haɗa da ƙunshi ɗaya ko biyu na garin gishiri da sukari da ake samu a kemis, ana kaɗa ƙunshi guda a ruwa lita ɗaya. Jiri da ciwon kai da murɗewar nama alamu ne na a koma inuwa. Idan azumi ya faɗo a irin waɗannan watanni, a mayar da aikin ƙarfi da feshi zuwa sanyin safiya.

Tocila, musamman mai ɗaurawa a goshi, ga masu ban ruwa da dare da masu sammako, domin kububuwa da duhu ta fi yawo. Mai injin ban ruwa ya riƙe filaya da sifanar fulogi da fulogi na canji. Bandeji da filasta da ɗan maganin wanke ciwo. Katin shaida, da usur ga mai gona a nesa da gari, kuma a faɗa wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Ba a ɗaukar duk waɗannan kullum. Jakar da ta yi nauyi, rataye ta za a yi a bishiya a bakin gona, a tafi aiki ba tare da komai ba. Wuƙa da littafi da fensir da waya su zauna a aljihu mai maɓalli. Sauran a tsara su bisa aikin ranar tun da dare.

Idan kuɗi bai kai ba

A fara da takalmi, sai safar hannu ta roba da kofin awo, sai gilashin ido. Waɗannan huɗun a haɗe ba su kai kuɗin buhun taki ɗaya ba, kuma idan an kula da su sukan wuce damina guda. Igiya da sandar awo da ledar baya manomi ne zai yi wa kansa. Tef mai tsawo da madubi da sikeli ƙungiyar manoma za ta iya saye ɗaya a riƙa karɓa-karɓa, amma safar hannu da takunkumi ba a aro. Malamin gona ya zo taron koyar da feshi da cikakkun kayansa a jiki, ya ba manoma su taɓa safar su ji kaurinta, ya kuma gaya musu shagon da ake samun ta a kasuwar yankin, domin da yawa sun so saye ba su san wadda za su nuna ba.

Kafin kowane feshi a cika safar hannu da ruwa, a murɗe bakinta, a matsa. Idan ɗigo ya fito ko da a yatsa ɗaya ne, aikinta ya ƙare, haka ma idan robar ta yi tauri ko ta fara danƙo. A yanka ta gida biyu kafin a zubar, don kada yaro ko wani ɗan ƙwadago ya tsinta ya ci gaba da amfani da ita.